Sati Uku da Sunan Baba Walt a Aljihuna

Wane ne a cikinku ya ce aikinmu zaman kashe wando ne? Kai ne, mai jar hula? Wai duk sanda ka wuce tashar 'yan kwana-kwana sai ka gan su sun baje a kujera suna gasa nama. To, madalla. Rigar aikin tana bayan motata, ga tukunyar iskar da muke goyawa. Je ka saka su, ka hau benen masallacin nan sau uku ka sauko, sai ka zo mu yi maganar gashin nama. Ba za ka je ba? To gyara zama. Ni Isiyaku shekara goma sha shida na yi ina wannan aiki, kuma ba nauyin kaya ne ya fi ba ni wahala ba.

Lokacin da na zo ƙasar nan, farkon shekarun dubu biyu, tasi nake ja, ina zaune can kudu da Washington, gaba da garin Woodbridge. Wata Asabar motar maƙwabcina ta kama da wuta a ƙofar gida. Jar mota ta zo da jiniya, mutum huɗu suka diro suka kashe. Da suka cire hular kwano sai na ga ɗaya daga ciki malamin makarantar 'yata ne. Na tambaya, aka ce ai duk unguwar nan 'yan sa-kai ne ke kashe gobara, ba mai biyansu. Na ce ashe! Mu ma a Fagge in wuta ta tashi kowa bokiti yake ɗauka ya fito. Wannan ai aikin gayya ne aka saka wa jiniya. Sati bai zagayo ba na kai kaina.

Wanda ya karɓe ni wani tsohon Bature ne, Walt, mai gyaran famfo. Mahaifinsa da abokansa ne suka gina tashar da hannunsu, tun wurin yana gonaki. Duk wata mota da ke ciki ya san ranar da aka kawo ta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Isiyaku ya yi masa tsawo, Zak zai riƙa kirana. Ni kuwa bakina ya ƙi furta sunansa gatsau, mutum ya yi sa'an mahaifina. Na ce masa Baba Walt. Ya tambayi ma'anar, na gaya masa. Ya yi tsaki ya ce yana da 'ya'ya uku, sun ishe shi. Amma bai taɓa hana ni ba.

Wata uku ban taɓa ruwa ba. Naɗe mesa kawai. In na naɗe ya zo ya sa ƙafa ya warware, ya ce sake. Mesar da ba a naɗe daidai ba, ranar gobara sai ta harɗe a bakin ƙofa, kana ciki kana jiran ruwa, ruwa yana waje yana jiranka. Bayan mesa sai tsani, bayan tsani sai ƙarfen ɓalle ƙofa, sannan takunkumin iska. Nan ne gemuna ya tafi, don takunkumi ba ya kama fuskar mai gemu, hayaƙi zai sami hanya. Matata ta yi kwana biyu tana dariya.

Abu biyu ya koya mini da babu su a littafi, ku riƙe su don za su dawo. Na farko, takalmi. Ɗan sa-kai daga wurin aikinsa yake tahowa, kayan gobararsa na bayan mota. Baba Walt in ya iso, zai cire takalman aikinsa ya jera su daf da juna a gefen a-kori-kurarsa, bakinsu na kallon waje, kafin ya zura na gobara. Ko gari zai ƙone sai ya jera su. Ya ce wanda ya kasa natsuwa ya ajiye takalmi, ba zai natsu a cikin hayaƙi ba. Na biyu, in ka maƙale a ciki, kada ka ɓata numfashi da ihu. Nemi bututun ruwa ka buga shi da ƙarfe sau uku, ka dakata, ka sake. Bututu yana kai magana ko'ina a gida. Mai famfo ne, ya sani.

Ana nan sai gonaki suka zama gidaje. Ku da kuka zo yanzu kuna ganin haka Allah ya halicci wurin. A kan idona aka sare dazuzzuka, aka jera gidaje manne da juna kamar haƙora, da katako mara kauri wanda wuta ke cinyewa kafin ka ce kwabo. Mutane suka ninka, kira ya ninka. 'Yan sa-kai kuwa yawancinsu sun koma aiki a Washington, tun asuba suna kan hanyar 95, ba sa dawowa sai yamma. Akwai wata Talata da ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a tasharmu, mota na tsaye, babu direba. Sai daga wata tasha mai nisa aka zo, an tarar da gida ya zama toka. Allah ya sa ba kowa a ciki.

Daga nan kaunti, wato hukumar yankin, ta fara zuba ma'aikatanta na albashi a tashoshin 'yan sa-kai. Su riƙe daga shida na safe zuwa shida na yamma, 'yan sa-kai su karɓa. Gini na 'yan sa-kai, mota tasu, ma'aikatan rana na kaunti. Na yi jarrabawa na ci, na ajiye tasi, aka turo ni tashar da na koyi aiki. Ranar da na shigo da rigar kaunti na gaida Baba Walt, ya amsa ba tare da ya ɗago daga injin da yake dubawa ba.

Kai, zaman nan ba daɗi. Firji biyu a kicin, kowanne da kwaɗo. Tukunyar kofi biyu. Su suna ce mana 'yan haya, mutanenmu suna ce musu 'yan wasa. Ni na zama jemage, ba ni ga tsuntsu ba ni ga dabba. In na zauna da 'yan kaunti su yi shiru, wai zan kai rahoto. In na leƙa wajen 'yan sa-kai a yi mini kallon hadarin kaji. Kuma fa kowane ɓangare da gaskiyarsa. Su suka gina wurin da guminsu. Amma gobara ba ta jiran a taso daga ofis.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda kaunti ta ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. A wurin gobara umarni ɗaya, layin oba-oba ɗaya, allo ɗaya. Bari in gaya muku allon nan. Kowane ma'aikaci yana da ɗan faranti kamar yatsa biyu da sunansa a kai, tag muke ce masa. Kafin ka shiga gida mai ci da wuta, sai ka miƙa shi ga kyaftin da ke waje, ya manna a allo. In ka fito ka karɓi abinka. Kyaftin ba ya ganin cikin hayaƙi, allon ne idonsa. Suna na kan allo, mutum na ciki. Allo ya zama wayam, kowa ya fito. Shi ke nan, ba wani siddabaru.

Aka buga wa 'yan sa-kai nasu, kowa ya zo ya karɓa yana ƙunƙuni. Baba Walt ya yi kunnen uwar shegu. A taro ya miƙe ya ce shekara talatin da biyar yana shiga wuta, ya san mutanensa ko daga tafiyarsu, ba zai rataya lamba kamar saniya ba don wani yaron da aka haifa jiya ya ƙirga shi.

Yaron da yake nufi kyaftin ɗinmu ne, Reyes, wanda bai kai arba'in ba. Mutum ne mai haƙuri, amma ba wasa. Ya kira ni ofis ya ajiye tag ɗin a gabana.

"Zak, kai yake saurara. Kai masa. Ka gaya masa ba raini ba ne."

Na ce to. Na jefa shi a aljihun rigar gobarata.

Nan ne na yi kuskuren da ya sa na tara ku yau. Ku 'ya'yan Hausawa ne, ko da wasunku da Turanci suke amsa mini, za ku gane. Yaya zan tsaya gaban mutumin da ya koya mini naɗe mesa, in miƙa masa abin da ya kira lambar saniya a bainar jama'a, in ce Baba, doka ce? A gidanmu ko ruwa za ka ba babba sai ka rusuna. Sau uku na tunkare shi. Na farko na tarar da shi da mutane, na ce ba a yi wa babba gyara a gaban yara. Na biyu yana fushi da wani famfo, na ce bari ya huce. Na uku muna mu biyu a bakin tasha, hannuna na cikin aljihun, har yatsuna sun kama abin. Ya dube ni ya ce, "Da magana ne?" Na ce, "A'a Baba, ya jikin Madam?" Reyes ya tambaye ni, na ce ina lallaɓa shi. Sati uku cur.

Wata Alhamis ce ta bazara, shida saura kwata na yamma, rana na nan tsaye da zafinta. Mummunan lokaci, muna shirin miƙa aiki, 'yan sa-kai wasu sun iso wasu na hanya. Kira ya shigo: gida na tsakiya a jerin gidaje shida, wuta daga kicin. Muka isa da mota biyu da mai dogon tsani. Irin gidajen nan ne da aka gina a gangare: ta gaba ka shiga falo da kicin, ta baya kuma akwai ƙofar ɗakin ƙasa, wanda yake daidai ƙarƙashin kicin ɗin. Mutum goma sha ɗaya muka miƙa tag, na kaunti da na sa-kai, muka shiga ta gaba.

Ni ke riƙe da bakin mesa, abokin aikina Darnell yana bayana. Muna rarrafe, ba ka ganin tafin hannunka. Da muka kusa kicin sai na ji daɓen yana lotsawa ƙarƙashin gwiwata kamar katifa. Duk wanda ya san aikin nan ya san me wannan ke nufi: wuta ta shiga cikin katakon da ke riƙe da daɓen. Na faɗa a oba-oba. Nan take Reyes ya sa aka danna hon ɗin motoci, dogon kuka sau uku, wato kowa ya bar abin da yake yi ya fito. Muka fito. Ya kira suna ɗaya-ɗaya, kowa ya karɓi tag ɗinsa. Allo wayam.

Ya ce a ɗaga tsani a saki babban ruwa daga sama, a ceci gidajen gefe. Ruwan nan ba irin na mesa ba ne. In ya sauka a daɓen da ya riga ya lotsa, da firji da murhu da komai za su rufta cikin ɗakin ƙasa. Ba laifi, tunda ba kowa. Kafin tsani ya gama miƙewa ya ce mini, "Zak, zaga baya ka rufe gas."

Na zaga da gudu. Ina shan kwana na ga a-kori-kura fara a kan ciyawa, ƙofarta a buɗe. A gefenta takalma biyu, an jera su daf da juna, bakinsu na kallon waje.

Mu da muka tashi muna karanta takalmi a ƙofar zaure, ba sai an gaya mana ba. Takalmi a waje, mai shi yana ciki. Na leƙa bayan motar, jakar kayansa ba komai. Ƙofar ɗakin ƙasa a ɓalle, hayaƙi baƙi yana fitowa ta saman.

Wata mata tana tsaye can jikin shinge da mayafi, tana salati da ƙarfi. Da na ji salatin na yi mata Hausa, ko Allah zai sa. Ta zabura. Ashe mutuniyar Kumasi ce, matar gidan.

"Hajiya, wa ya shiga nan?"

"Wani tsoho Bature ne, ɗan'uwa! Na ce masa Mma, tsohuwarmu, tana ɗakin ƙasa, ya shiga. Yanzun nan aka kira ni ashe Mma tana gidan maƙwabta tun la'asar. Na yi ta kira bai fito ba!"

"Ya goya tukunya a bayansa?"

"Ba komai a bayansa. Riga ce kawai da hula."

Ba iska, ba oba-oba, ba wanda ya san da shi. Daga aiki ya taho, ya biyo ta baya don hanyar gaba a toshe take da motocinmu. Na ɗaga kai na ga bakin tsani ya riga ya leƙo saman rufin.

Na danna oba-oba. "Kyaftin, kada a saki ruwa! Akwai mutum a ɗakin ƙasa. Walt ne."

"Zak, allo ba kowa. Sha ɗaya suka shiga, sha ɗaya suka fito. Ka gan shi da idonka?"

"Na ga takalmansa."

"Takalma? Gidan gefe ya fara kamawa, ba zan tsayar da ruwa don takalma ba. In yana ciki, ina tag ɗinsa?"

Ku sani fa layin nan kowa yana ji. 'Yan kaunti, 'yan sa-kai, har masu karɓar kira a hedkwata. Na sa hannu a aljihu, ga shi nan inda na bar shi.

"Yana aljihuna, Kyaftin. Ban taɓa ba shi ba."

Sai muryar Reyes: "A riƙe ruwa. Darnell, je ka sami Zak da mesa. Zak, minti uku. In na sake busa hon ka fito, ko da shi ko babu shi."

Na yi bismillah na ja takunkumi. Muka shiga a kan ciki. Sama da mu wuta na gurnani, garwashi na zubo mana a baya ta tsagogin silin. Ɗakin cike da kaya, akwatuna da buhunan shinkafa da keken ɗinki, ko'ina ka sa hannu ka ci karo. Na kira sunansa, takunkumi ya haɗiye muryar. Sai na tuna. Na dafa Darnell ya tsaya cak, na lalubi bango har na kama bututun ruwa, na kara hular kwanona a jiki, na riƙe numfashi.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Shiru. Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na bi bututun da hannu ɗaya har ɗan lungun injin wanki. Yana kwance rub da ciki, hancinsa a ƙasa inda ɗan sauran iska yake, sifana a hannunsa. Wani ɓangaren silin ya rufto da katako ya danne masa ƙafa. Na zura ƙarfen ɓalle ƙofa a ƙarƙashi na danna da duk ƙarfina, bai motsa ba. Darnell ya ajiye mesa ya haɗa hannu. Katakon ya ɗaga kamar kamu ɗaya. Sai hon ya fara kuka a waje. Na cusa kafaɗata ƙarƙashin ƙarfen, na yi wa Darnell ihu ya ja. Ya kama wuyan rigar Baba Walt ya fizge shi. Muka ja shi kamar buhu, ban san ta ina muka bi ba, hasken ƙofa kawai nake nema. Muna faɗawa kan ciyawa, ba mu ko cire takunkumi ba, kicin ɗin ya rufta ciki gaba ɗaya. Ƙarar har a ƙirjina.

Ya rayu. Amma hayaƙi ya cinye masa huhu, ƙafar kuma ta karye wuri biyu. Bai sake hawa jar mota ba. Gidan gefe ya rasa rufinsa saboda mintunan da aka riƙe ruwa, iyalin gidan suka yi watanni a waje. Ni aka dakatar da ni aka yi bincike, na faɗi gaskiya, aka sa takarda a fayil ɗina wadda ta hana ni zama kyaftin har na bar aiki. Ban yi gardama ba. A tasha kuwa ba wanda ya yi taro ko jawabi. Kawai na dawo aiki na tarar an cire kwaɗon firji biyun. Yau kaunti ce ke riƙe da tashar dare da rana, 'yan sa-kai suna hawa mota ɗaya da su, allo ɗaya.

Kwana tara kafin a cire masa bututu daga maƙogwaro. Na je asibiti na yi ta zagaye a baranda kamar ɓarawo. Duk kwanakin nan da abu ɗaya nake rarrashin kaina: ko da na ba shi, ai ba zai karɓa ba, tsohon nan taurin kai gare shi. Da wannan nake samun barci.

Na shiga na durƙusa gefen gado. "Sannu Baba. Ya jiki?"

Ya yi mini alama in matso, don muryar ta zama kamar ana goga takarda.

"Yana wurinka?"

Na ciro tag ɗin na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya karanta sunansa.

"Tun ranar da Reyes ya ba ka na sani," in ji shi. "Ba zan je ofishin yaron nan in karɓa ba, bayan abin da na faɗa a taro. Amma daga hannunka zan karɓa. Har oba-obarsu zan karɓa. Ranar nan a bakin tasha, da na ce da magana ne, me kake tsammani nake tambaya?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a gabansa na yi kuka, ni da furfurata ta fara fitowa.

Ya rufe hannunsa a kan abin, ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa ya ce, "Sati uku ina jiranka, Zak."